Jingar Da Ta Rufe Bakin Umma

Ku da kuka kwana biyu kuna zagin saurayina a ƙarƙashin rubutuna, ku dakata haka nan, ku rage sauran zagin kada ya ƙare. Yau akwai wadda ta fi shi buƙatarsa, kuma ita ce riƙe da wayar nan tana rubuto muku.

Wanda yau ya fara shigowa, bari in gabatar masa da mutumin. A wayata sunansa Barka-da-Kira. Aikinsa koya wa ma'aikatan wani kamfani yadda za su amsa waya, wato yadda za su ba mutum haƙuri ba tare da sun gyara masa komai ba. Aikin ya bi jikinsa, har ya zama ko ni na kira shi sai in ji, "Barka da kira, ina sauraronki." Wata takwas muna tare ban taɓa jin ya yi atishawa bai nemi afuwa ba. Yana da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Riga kullum a goge, takalmi kana ganin fuskarka a ciki, turarensa yana riga shi shigowa layinmu. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya iya jin magana ya bar ta yadda ya same ta.

In na tura masa saƙon murya, amsar farko ita ce, "Na ji daɗin saƙonki. Shawara ɗaya, ki riƙa numfasawa tsakanin jimla da jimla." Ran da na cire kunya na ce masa na yi kewarsa, cewa ya yi na faɗa da kyau, sai dai na ɗan yi sauri a ƙarshe. Ku gaya min don Allah, wannan soyayya ce ko jarrabawa?

Goggona, yayar Baba, ita ce shugabar masu goyon bayansa. Duk zuwanta gidanmu sai ta ja kunnena.

"Ke dai ba ki san arziki ba! Namiji mai magana kamar rediyo ya tako har ƙofar gidanku, kina wani yatsina? 'Ya'yanki fa da baki mai tsabta za su tashi."

"To namu bakin datti gare shi, Goggo?"

"Ni dai ban ce ba," in ji ta, tana satar kallon ƙofar shagon Umma.

Ɗakin farko in ka shigo gidanmu shi ne shagon. Keken ɗinki a gindin taga, faffaɗan teburin yanka a tsakiya, igiya daga bango zuwa bango an rataye rigunan mutane, sai gwangwanin biskit guda uku da rabon su da biskit tun ina goye, maɓallai ne da zare a ciki. Umma tana ɗinki tana magana, tana awo tana magana, allura a bakinta ma ba ta hana ta. In ta ce a miƙo mata almakashi, mai shagon kan kwana yana ji. In ta yi dariya sai ta daki tebur, alli ya yi tsalle ya faɗo. Tana rantsuwa a kan abin da ba wanda ya musa mata. Za ta fara labarin wuyan riga ta ƙare a haihuwar wata mata shekara ashirin da suka wuce, kuma ba wadda ta taɓa tashi ta bar labarin a tsakiya.

Ƙarfin muryar nan yana da dalili. Baba mai walda ne, shekara talatin yana yankan ƙarfe da bugunsa. Kunnensa na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama saura kaɗan. An ba shi na'urar ji ya jefa ta a aljihun tebur, wai kukan sauro take yi masa. Muryar mutum ɗaya ce ke shiga kunnen nan ba sai an maimaita ba, ta Umma. Baƙo ya yi magana, Baba ya dube ta, ita ta ɗaga ta miƙa masa. Tun tana ɗagawa dominsa har muryar ta manta hanyar saukowa. Na san wannan tun ina firamare. Ina faɗa muku ne tun yanzu don kada an jima wata mai tausayi ta nema min uzuri.

Ni kuwa ina shekarar ƙarshe a sashen adabi. Wannan zangon aka ɗora mana wani tsohon wasan kwaikwayo, wanda aka rubuta tun kakata ba ta zo duniya ba. Wata yarinya ce mai wanke-wanke a gidan alƙali. 'Yar gidan ta gudu ana saura wata uku manyan baƙi su zo ganinta, sai matar alƙalin ta jawo mai wanke-wanken daga kicin, ta koya mata zama da tafiya da magana, don ta tsaya a madadin 'yar. Yarinya ta koya har ta fi mai abin iyawa. Da baƙi suka tafi sai ta rasa wurin zama, falo ba nata ba ne, kicin kuma ya daina gane bakinta.

Malaminmu, wani dogo mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, yana son wasan nan kamar shi ya haife shi. In yana karanta maganar matar alƙali har tsayawa yake yi da yatsun ƙafa. Mu kuwa muna baya muna cin gyaɗa muna cewa yarinyar ta yi wauta, da ta kwashe cokulan azurfa ta kama gabanta.

Sai ya ba mu jinga. Kowa ya nemi mutum ɗaya wanda bakinsa ya yi kama da na mai wanke-wanke, ya ɗauki maganarsa ta minti goma a waya, ya rubuta ta a layin hagu yadda ta fito. A layin dama ya sake rubuta ta yadda matar alƙali za ta so a faɗa. A ƙasa kuma ya yi sharhi.

'Yan ajinmu suka bazama tasha da kasuwa suna roƙon mutane. Ni ko takalmi ban sa ba. Na ajiye wayata a bayan gwangwanin maɓallai na zauna ina taya Umma warware zare.

Na ci sa'a ranar, wata mata ta dawo da riga wai ta matse ta, wai Umma ta ci mata yadi.

"Wallahi tallahi awon da na yi miki wata uku da suka wuce yana nan a littafi!" in ji Umma. "Ba rigar ce ta motse ba, 'yar nan, ke ce Allah ya buɗa wa! Juya in gani. Kai! Wannan ƙugun ai sai an yi masa gaisuwa ta daban!"

Matar da ta shigo da faɗa ta fita tana share hawayen dariya, ta ma bar wani sabon yadin. Dariyar matar da sabon yadin ban sa su a jingar ba. Abin da na sa a layin dama shi ne: "Ina ganin akwai ɗan bambanci tsakanin awon baya da na yanzu. Idan babu damuwa, zan sake aunawa." Haka na bi minti goman nan jimla bayan jimla ina wanke su ina shanyawa. Ban sha wahala ba, saƙonnin Barka-da-Kira na buɗe na riƙa kwasar kalmomi.

Sharhin ne abin da ba na son rubuto muku, amma ga shi. Na ce mai maganar wata tela ce da ba ta yi nisa a karatu ba. Na ce ba ta san bambancin ɗaki da kasuwa ba. Na ce tana ɗaga murya ne don ba ta da kalmomin da za su ɗauki abin da take nufi. Na rufe da cewa irin wannan bakin yana rufe wa mai shi ƙofa tun kafin ya ƙwanƙwasa. Ban ce uwata ce ba, ban kuma ambaci kunnen Baba ba, don na san in na ambata sharhin zai rage kaifi.

Malam ya ja wa jimlar ƙarshe layi da jan biro, ya rubuta "Madalla!" a gefe, ya karanta ta a gaban aji da yatsun ƙafa. Ni na fi kowa maki. Na ji daɗi, jama'a. Ba zan yi muku ƙarya ba, har kaina ya yi nauyi.

Takardun da na gama da su wurinsu ɗaya ne a gidanmu, kwandon da ke ƙarƙashin teburin yanka. Umma ba ta sa almakashi a yadin mutum sai ta fara yanka siffar a takarda ta gwada. Tun ina aji ɗaya da takarduna take yi. Rabin matan unguwarmu da lissafina na aji uku aka fitar musu da wuyan riga. Ranar da aka dawo mana da jinga na shigo gida ina amsa saƙo da hannu ɗaya, na zazzage jakata a kwandon da ɗaya hannun kamar yadda na saba, na wuce ɗaki.

Ran Litinin Goggo ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ku tashi, ku tashi! Mahaifiyarsa za ta zo ran Asabar da kanta, ta ga yarinya ta ga gida!"

Baba ya dubi Umma.

"Uwar yaron nan ce za ta zo Asabar!" Umma ta miƙa masa, har labule ya motsa. Ta juyo kaina. "Wannan Asabar ɗin? To wallahi sai na ɗinka miki rigar da za ta manta abin da ya kawo ta!"

Nan take ta hau kujera ta sauko da wani yadi da ta ɓoye a saman kabad tun bara, ruwan sararin sama mai ƙananan furanni farare. Ta auna ni tana ba Goggo labarin ranar da dangin Baba suka fara zuwa ganinta, yadda ta zubar da shayi a ƙafar kawunsa. Muka yi ta dariya har Baba, wanda ya ji labarin nan sau ɗari.

Da la'asar saƙo ya shigo.

"Barka da yamma. Na yi farin ciki da batun Asabar. Mami ba ta saba da hayaniya ba, kuma ba ta son a katse ta. Ko za ki ɗan yi wa Umma bayani cikin hikima? Ba gyara nake nufi ba, shiri ne kawai."

Ku zo ku ga jaruma! Na gyara zama, na tattare hannun riga, na rubuta masa: "Ummata ba ma'aikaciyarka ba ce. Yadda Allah ya yi ta haka Maminka za ta gan ta. In bai yi muku ba, hanyar da ta kawo ku ba a toshe ta ba." Na ɗauki hoton amsar na tura wa ƙawata, ta turo min tafi guda bakwai. Ranar ji nake duk garin ba 'yar da ta kai ni kishin uwa.

Ya amso da, "Na fahimci damuwarki, kuma ina godiya da kika bayyana ta."

Talata Umma ta zauna yankan rigata. Na tafi makaranta na bar ta tana waƙa. Da na dawo gidan shiru, har na ɗauka ba kowa. Na leƙa shago na gan ta zaune a bakin tebur, almakashi a cinya.

"Umma, sannu da gida."

"Yauwa, sannu da dawowa," ta ce, can ƙasa-ƙasa. "Idan babu damuwa, ki miƙo min alli."

Na fashe da dariya, na ɗauka kwaikwayon surukin nata take yi. Ba ta yi dariyar ba. Ta karɓi allin ta ce ta gode.

Laraba abin ya ci gaba. Wata tsohuwar mai kawo mata ɗinki ta taɓa goshinta ta ce ko zazzaɓi ne. Mai shagon kan kwana ya tare ni a hanya yana tambaya ko Umma ta yi tafiya. Wurin cin abinci ta ce wa Baba an kawo masa saƙo daga shagonsa na walda, ya karkato kunnen dama.

"Me kika ce?"

Ta maimaita da muryar nan dai.

Ya dube ni. Na ɗaga murya na faɗa masa, amma tawa ba ta shiga, sai da na yi sau uku. Ya gyaɗa kai, na kuma san rabi ya ji. Ya ci gaba da cin abincinsa yana kallon bakinta ko za ta ƙara wani abu.

Ran Alhamis na ji ta ce wa wata, "Ina ganin akwai ɗan bambanci," sai jinina ya hau. Wannan ai bakin mutum ɗaya ne a duniya. Na shige ɗaki na danna kira.

"Barka da kira, ina—"

"Riƙe barkarka! Me ka ce wa uwata?"

"Ban gane ba."

"Ka kira ta a bayan idona ko? Ka ba ta darasi? Kwana uku ke nan tana magana kamar mai ba da haƙuri a kamfaninku!"

"Ban taɓa kiran Umma ba. Ba ni ma da lambarta. Amma in har ta fara sassautawa da kanta, ina ganin abin a yaba ne."

Na kashe wayar a kunnensa. Na yi kwana biyu ina kumbura, ina tsara irin wankin da zan yi masa bayan Asabar. Ko sau ɗaya kwandon nan bai faɗo min a rai ba. Yarinyar da ta fi kowa maki a aji ke nan.

Asabar ta zo. An wanke labule, an goge fanka, an fitar da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai ran baƙi. Rigar kuwa ta fito, ba a magana. Doguwa har ƙasa, ta kama inda ya dace ta saki inda ya dace, hannun ya sauko ya buɗe a wuyan hannu da ƙananan maɓallai shida-shida. Na sa farin ɗankwali da takalmi mara tudu. Goggo ta zo tun hantsi da sabuwar murya, wata siririya da ban san ta da ita ba, tana ce wa kowa "yi haƙuri" ko ba ta taka kowa ba. Baba ya rufe shagonsa, ya sa rigarsa mai ruwan toka, ya zauna a kujerar kusa da ƙofa ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinya don kada a ga tabon wuta.

Ƙarfe huɗu daidai suka iso, ba saura minti ba ƙarin minti. Mami 'yar ƙaramar mace ce, jaka a kan gwiwa, maganarta sai ka matso. Ɗanta yana gefenta ya haɗa yatsu kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

Aka gaisa. Umma ta ce, "Muna farin ciki da zuwanku. Da fatan ba ku sha wahalar hanya ba." Ta zauna a bakin kujera, gwiwa a haɗe, hannu a kan hannu. Goggo ta yi min ido, wai kin ga abin arziki.

Mami ta kama hannun rigata ta juya ɗinkin ta duba ciki.

"Wannan aikin wa?"

A da, wannan tambayar kaɗai ta isa a ji tarihin yadin tun daga shagon da aka saye shi har zuwa matar mai shagon da ciwon ƙafarta.

"Ni ce," in ji Umma. "Na gode da yabo."

Shi ke nan. Mami ta ɗan jira ko akwai saura, babu. Ta kurɓi lemo, ta juya wajen Baba.

"Da mahaifinsa yana nan da tare za mu zo," ta ce a hankali. "Allah ya yi masa rasuwa bara."

Baba ya ga ana yi masa magana. Ya dubi Umma kamar kullum. Na ga ƙirjinta ya ɗaga, na ga muryar ta taho har maƙogwaro, na ga ta haɗiye ta. Leɓɓanta suka motsa da abin da ni ma da ke kusa ban ji ba. Baba ya jira, bai samu komai ba, sai ya yi abin da yake yi in ya rasa mafita. Ya washe baki.

"Madalla, madalla!" ya ce da ƙarfi. "Allah ya ƙara!"

Kofin Goggo ya tsaya a hanya. Fanka kaɗai ke motsi a falon.

"Ina ganin an samu ɗan rashin fahimta," in ji Barka-da-Kira.

"A yi mana afuwa," Umma ta ce, idonta a ƙasa. "Maigidan yana da lalurar ji."

Baba yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, murmushin yana raguwa. Goggo ta ga abin zai lalace, ta yar da sabuwar muryarta, ta duƙa a kunnensa ta kwarma, "Mijinta ne ya mutu!"

Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haka ba. Ya zaro hannuwan da yake ɓoyewa ya haɗa su a ƙirji, ya yi ta'aziyya sau uku, ya ba da haƙuri sau huɗu. Sannan ya miƙe ya ce ya tuna ya bar wani aiki a shago. Kowa ya san shagon a rufe yake, ba wanda ya tsayar da shi.

Mami mutuniyar kirki ce, ta ce babu komai, ita ma yayanta haka yake. Da za su tafi ta riƙe hannun Umma.

"Ɗana ya ce min ke mai yawan raha ce, har na zo da shirin dariya. Ashe ke mai natsuwa ce."

"Mun gode da ziyara," in ji Umma.

Motarsu na barin layi Goggo ta fara rawa a tsakar gida, wai an ci jarrabawa, in ban da ɗan tuntuɓen ƙaninta. Ni kuwa na nufi shagon Umma a fusace, zan tambayi Umma wa ya sa ta wannan abin. Ba ta ciki. A ƙusar bango, inda take soke takardun da ta yi yanka da su, na ga siffar hannun riga. Hannun rigar da ke jikina ne, ga faɗin nan na wuyan hannu. Rubutuna ne a kai. Almakashi ya cinye farkon layukan, amma na ƙasa yana nan ɗungurungum, da jan layinsa da "Madalla!" ɗinsa.

Na zauna a kujerar keken. A ƙarƙashin ƙyallen da take rufe keken da shi na ga sauran shafukan, ba a yanka su ba, an jera su an soke da allura. A layin dama, gaban kowace jimla, an yi ƙananan ɗigo da fensir, na ƙirgen maimaitawa. Wasu ɗaya, wasu uku, wasu har biyar. Haddacewa ta yi.

"Shafi ɗaya na yanka kafin idona ya kai," na ji an ce a bayana.

Umma ce tsaye a ƙofa da tiren kofuna.

"Umma, wallahi ba ke nake—"

"Ƙugun da za a yi wa gaisuwa ta daban. Tela nawa ne suka faɗi haka a garin nan?" Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. Ta ajiye tiren a tebur. "Kin san karatun nawa, a hankali yake tafiya. Wuni guda ya ɗauke ni. Kin iya rubutu, 'yar nan. Malamin ma ya yaba."

"Jinga ce kawai, Umma. Maki nake nema."

"Kin kuwa samu." Ta ɗauki kofi ɗaya tana gogewa da gefen mayafinta. "Ban ji haushin ɗakin da kasuwar ba, wataƙila gaskiya ce. Abu ɗaya na nema ban gani ba. Na duba har bayan takardar. Ban ga inda kika rubuta dalilin da ya sa telar take ihu ba. Na ce to, ko ba ta sani ba ne."

Na sauko daga kujerar na durƙusa na kama ƙafarta. Kuka nake yi irin mai majina, wanda matar alƙali ba za ta taɓa yarda da shi ba.

"Ki zage ni, Umma. Don Allah ki yi min ihu. Ki tara min unguwa."

"A'a. Ba zan rufe miki ƙofa ba tun kafin ki ƙwanƙwasa." Ta zare ƙafarta a hankali. "Idan babu damuwa, ki cire rigar ki rataye, kada ta yamutse."

Ta zauna ta jawo ɗinkin wata ta fara taka keke.

Na koma ɗaki na cire rigar. Waya ta yi ƙara a kan gado.

"Barka da yamma. Mami ta ce Umma ta burge ta ƙwarai. Ban san me kika yi ba bayan faɗan da kika yi min, amma ya yi aiki, ina alfahari da ke. Saura Baba."

Na kifa wayar. Wata takwas ina yi wa bawan Allahn nan dariya, ina kawo muku shi kuna tayawa. Shi aƙalla a gaban idona yake gyara ni, kuma bai taɓa kai ni gaban aji ba.

Rana ba ta kai ga faɗuwa ba na ji an ƙwanƙwasa ƙofata. Baba ne, wanda bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofa a gidansa ba. Har yanzu rigar baƙin ce a jikinsa. Ya jawo 'yar kujerar karatuna ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Uwata," ya ce, da sunan da yake kirana tun ina jaririya. "Goggonki ta ce ta ji ku. Wai ke kika gyara wa uwarki magana, har makaranta ta ba ki maki."

Na kasa ɗago kai. Babu faɗa a muryarsa, da ma akwai.

"Yau na kunyata ku gaban mutane. Ba na so a sake." Ya nuna wayar da ke kan gado da yatsansa mai tabo. "Kunna abin naki ki ɗauka. Ni ma ki rubuta min nawa in haddace, da manyan baƙaƙe yadda zan gani. Sai dai ki roƙa min ita, ko kaɗan ne ta riƙa ɗaga min. Kwana biyar ke nan ban ji muryarta ba a gidan nan."

"Baba, ka yafe min," na ce.

Ya karkato kunnen dama.

"Me kika ce?"

Ya juya wajen ƙofar shagon Umma, inda ya saba samun amsa, ya jira. Keken ɗinki kawai ke tafiya.